Yaƙutun da Ya Sha Lemun Tsami

Mahaifina maƙerin azurfa ne. Rumfarsa tana bayan layin 'yan albasa a kasuwar Malanbil, inda wari ke korar baƙo amma mu tuni muka daina jin sa. Zobba yake yi da awarwaro da 'yan kunne, da gidan laya ga wanda ya so. Matan Garu da na Tumbutu, ƙauyukan da ke kusa da mu, sukan kawo masa tsofaffin kayan uwayensu a ƙulle a bakin zane, su ajiye su tafi cin kasuwarsu, ba wadda ke cewa a auna a gabanta. Wannan nake so a riƙe tun daga farko, domin shi aka ƙwace masa.

Kowane maƙeri da yadda yake gama aikinsa. Shi Baba, in ya gama ƙira ya ɗaura dutse, sai ya matse lemun tsami a wani ɗan kasko, ya barbaɗa gishiri, ya ɗora a gefen garwashi, ya jefa zoben ciki ya ɗan tafasa. Baƙin wuta ya fita, azurfa ta fito fes. Haka ya ga ubansa yana yi, haka duk maƙeran layin suke yi. Aƙiƙ nawa ya dafa haka, da 'yan duwatsun da alhazai ke dawowa da su, ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙorafi. Ni ma daga lemun nan sana'ata ta fito. Da buhu yake saye, ragowar nake haɗawa da citta da sukari in yi lemu hari, in fasa ƙanƙara a ciki in zagaya rumfuna. Har yau shi nake sayarwa.

Akwai wani Alhaji mai sayen shinkafa, babban mutum, mai rumfa a bakin titin da ke gangarawa gadar kogi. Shi ne mai masaukin baƙin 'yan kasuwa da yawa. A wurinmu baƙo ba ya zuwa ya baza kaya haka kawai. Sai ya sauka a hannun wani, ya ci tuwonsa, ya kwana a ɗakinsa, ciniki kuma ya bi ta hannun mai masaukin. In kaya suka yi kyau, mai masauki ya ci la'ada. In suka ɓaci, shi za a riƙe, shi zai biya, sunansa ne zai zube. Maganar baƙo maganar mai masaukinsa ce.

A hannun Alhajin nan mai duwatsun ya sauka. Siriri ne, dogo, kullum cikin farar shadda, ƙamshin turarensa yana riga shi isowa. Ba ya ɗaga murya. Zai zauna ya shimfiɗa farin ƙyalle a cinya, ya zaro 'yan ƙunshe-ƙunshe daga wata jakar fata, ya buɗe su ɗaya-ɗaya kamar mai kwance jariri. Akwai kore, akwai shuɗi, amma jan shi ne abin taƙamarsa. Ya haska shi da 'yar tocila ta ƙasa, dutse ya kama ci kamar garwashi, manyan mutane masu gemu su saki baki.

"Wanga yaƙutu na," in ji shi, "ɗanye. Wuta ba ta taɓa shi ba, ba a yi mai rini ba, ba a yi mai ciko ba. Yadda Allah ya aje shi cikin ƙasa, hakanan anka ɗauko shi."

Na ji wannan karatu ya fi a ƙirga, don duk ranar Juma'a bayan masallaci nakan kai lemu rumfar. Ni ko kallona ba ya yi, kofi kawai yake miƙo wa hannu.

Alhaji ya sayi mafi girma, ya kai ƙwayar gyaɗa, ya aika aka kira Baba ya ce a yi masa zobe da babu irinsa a garin. Ban taɓa ganin Baba cikin murna irin ta makon nan ba. Bai taɓa riƙe yaƙutu a hannunsa ba sai ranar. Abinci ma sai an yi da shi yake ci. Ya zana zoben da ƙananan zane duk gefe, ya ɗaura dutsen a sanyi, da hannu, bai kai shi kusa da wuta ba sai wankin ƙarshe. Ina nan tsaye da bokitina lokacin da ya jefa shi cikin kaskon lemu, yana ba ni labarin wata akuya da ta shigo ta cinye masa goro. Da ya tsamo shi da hantsaki, labarin ya tsaya a bakinsa. Azurfar ta yi fari tas. Dutsen kuwa ya dushe, fararen jijiyoyi sun keta shi ko'ina, kamar ƙasan fadamar shinkafa da ruwa ya janye.

Ya goga da riga, ya goga da toka, ya tofa yawu ya sake gogawa. Ba abin da ya canza. Da wani ne, da ya ɓoye ya nemi dabara. Baba ya sa hularsa, ya naɗe zoben a tsumma ya nufi rumfar Alhaji, ni kuma na bi bayansa.

Rumfar cike take. Mai duwatsun ya karɓi zoben, ya juya shi, ya haska tocilarsa, ya girgiza kai a hankali kamar wanda aka gaya wa rasuwa.

"Alhaji, wanga ba dutsena ba na. Ɗanyen yaƙutu ko cikin wuta ka jefa shi, ko cikin tsami ka dahwa shi, ba shi yin haka. Ni ban ce komi ba. Amma wanda na ba ka, ba shi na wanga ba."

Bai ce Baba ɓarawo ne ba. Ya bar wa jama'a su faɗa da kansu. Na dubi Alhaji, na ga yana lissafi a fuskarsa, kuma lissafin ba wuya. In baƙonsa ne ya yi ƙarya, shi za a riƙe, ga mutane rututu a rumfar da zobban da suka saya ta hannunsa. In maƙeri ne ya musanya, maƙeri kawai ya ɓaci. Ya gyara zama ya ce, "Tashi ka tahi, maƙeri. Don girman hurhurarka ba ni kai ka ga jandarma."

Da ma ya kai shi. Da an yi bincike, an zazzage rumfa, an tona ƙasan murhu, an ga babu. Amma sai ya yi masa alfarma a gaban mutane, wai ya rufa masa asiri, kuma wanda aka rufa wa asiri ai an gama cewa yana da abin rufewa. Baba ya buɗe baki zai rantse, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Muka taso, ba wanda ya amsa sallamarmu da ƙarfi.

Kafin kasuwa ta sake ci, labari ya kai Garu. Mata suka riƙa zuwa karɓar kayansu, wanda aka gama da wanda ba a fara ba. Wata tsohuwa da tun ina goye take kawo masa aiki ta zo da ɗan ma'aunin mai zinariya da ta aro, ta sa aka auna awarwaronta a gabansa, tana cewa, "Ba don komi ba, malam, ba don komi ba." Baba da kansa ya riƙe mata ma'aunin. Daga nan aiki ya ɗauke. Mutumin da ke zana azurfa da abin da bai kai allura kauri ba ya koma liƙin buta da bokiti da gindin tukunya. Ya naɗe ƙananan kayan aikinsa a wani tsohon rawani ya tura ƙarƙashin gado.

Abin da ya fi ci mini rai, shi kansa bai san abin da ya faru ba. Ya san bai ɗauka ba, amma ba shi da amsa. Wani lokaci in tarar da shi zaune yana duban hannuwansa, ya ce mini, "Ko garwashin ya yi yawa, ɗiyata? Ko gishirin na?" Bai taɓa zagin mai duwatsun ba, ko sau ɗaya. Ni na ɗauke masa wannan aikin. Na tsani mutumin nan tsanar da ban taɓa yi wa wani mahaluki ba. Na tsani farar shaddarsa da turarensa da yadda yake lanƙwasa ɗan yatsa in zai sha lemu. Alhaji kuwa tsanarsa daban na ajiye, a wuri mai sanyi don kada ta lalace. Kuma ban daina kai musu lemu ba. Duk Juma'a ina durƙusawa in gaishe su, in zuba, in ce a sha lafiya. Mata suna ce mini marar zuciya. Na bar su da faɗa, domin ni na san abin da nake gadi.

Shekaru suka wuce haka. Na yi aure, mijina ɗan Garu ne, mai jirgin fito, mutum mai sanyin hali wanda in na fara masifa sai ya ɗauki komarsa ya tafi gyara a inuwa. Mai duwatsun yana zuwa duk bayan girbin shinkafa, lokacin da aljihun maza ke da nauyi, ya yi makonni ya koma. Cinikinsa sai gaba yake yi. Masu sayen kuma suka daina kai wa maƙeran layinmu, wai ba amana. Shi yake zuwa musu da zobban a ɗaure daga can inda yake fitowa. Ashe ba banza ba.

Wata rana maƙwabciyata, matar wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ta haihu, aka ba ni aikin lemun suna. Yayarta ta zo daga Gaya, can tsallaken kogi, ta zauna taya ni matsa. Mace ce mai son a gani, tun da ta zauna take juya hannu don in lura da zobenta mai ɗan jan dutse, wai maigidanta ya saya mata wurin baƙon Alhaji, ɗanyen yaƙutu. Na ce ta cire kada ya dame ta, ta ce ita ko wanka ba ta cire shi. Muka wuni hannu cikin tsami, washegari ma haka, don jama'ar sunan ba kaɗan ba ce. Da muka zo wanke robobi sai na ji ta yi salati. Ta miƙo mini hannu tana cewa, "Duba min, mi ya samu abin ga?"

Na kama yatsanta na duba. Na zauna a kan turmi. Fararen jijiyoyin nan ne, su ɗin dai, waɗanda na yi shekaru ina gani in na rufe ido. Ba garwashi, ba gishiri, ba maƙeri. Lemu ne kawai, mai sanyi, irin wanda nake shayar da su duk Juma'a. Daga baya wani maƙerin zinariya da ya yi zama a Kwatano ya yi mini bayanin abin: rubabben dutse ne mai tsaga, a kai shi wuta a ɗura masa narkakkiyar kwalba ta cike tsagar, ya fito sumul. Tsami ba ya cin dutsen, kwalbar yake ci. Amma ranar ban buƙaci bayani ba. Na ce wa matar wataƙila sabulu ne, ta bar shi zai dawo. Allah ya yafe mini wannan, ban so magana ta fita kafin lokacinta ba.

Ko Baba ban gaya wa ba. Na san shi, zai ce alhamdu lillahi, a bar wa Allah. Ni kuwa na bar wa Allah shekaru, yanzu Allah ya miƙo mini abin a hannu.

Na jira girbi. Na sayar da tunkiyata mai ciki, wadda nake ji da ita, ban ko tsaya ja-in-ja da dillali ba. Mijina kaɗai na gaya wa abin da zan yi, na kuma gaya masa abin da nake so daga gare shi. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ke dai ba ki da sauƙi." Na ce ba a kan sauƙi ya aure ni ba.

Ranar Juma'ar, na sa zanena mai kyau, na ɗauki bokiti, na kuma soke wata 'yar kwalba a ƙugu, cike da zallar ruwan lemu da na matse da asuba, ba ruwa ba sukari. Na zuba wa kowa, sannan na durƙusa gefen tabarma na ce ni ma yau saye na zo yi. Aka yi dariya. Wani ya ce lallai lemu hari ya yi albarka. Mai duwatsun ya dube ni karo na farko a rayuwarsa, bai kuwa gane ni ba. Ina zai gane ɗiyar maƙeri? Bokiti ya sani.

Ya buɗe mini ƙananan, na zaɓi wanda ya fi ja. Ya faɗi kuɗi, ban nemi ragin ko dala ba, abin da ya sa ya ƙara sakin fuska. Na miƙa kuɗin ga Alhaji yadda aka saba, na ce, "Alhaji, kai ad da baƙo. Ka tsaya mai?"

"Na tsaya mai," in ji Alhaji, yana sosa gemu.

Na juya ga mai duwatsun na sassauta murya kamar wadda ba ta san komai ba. "Malam, ni mace ta, kuma ka ga sana'ata. Hannuna kullum cikin tsami shi ke. Ba shi ɓaci?"

Da mu biyu ne, da ya san yadda zai zille. Amma rumfar cike take da mutanen da suka ji shi shekara da shekaru yana faɗar magana ɗaya, rabinsu da jan dutsensa a yatsa. Wani tsoho ma ya riga shi amsawa, ya ce ai ɗanyen yaƙutu ko dafa shi aka yi ba ya komai, malam ya sha faɗa. Mai duwatsun ya yi murmushi ya ce, "Hakanan na."

Sai na zaro kwalbata na ajiye a tsakiyar tabarma.

Shekaru ina tambayar kaina ko ya sani, ko shi ma cutarsa aka yi a can inda yake saro su. A nan na samu amsa. Idonsa ya sauka kan kwalbar, murmushin yana nan a bakinsa amma fuskar ta mutu. Ya sani. Ranar da ya juya zoben Baba yana girgiza kai, ya san sarai abin da ya ci dutsen.

Na ce, "Alhaji, ni ba ni taɓa shi. Daga hannunshi zuwa naka. Kai za ka sa shi ciki, kai za ka ruhe, ka aje cikin akwatinka na ƙarhe, makulli ga aljihunka. Jibi bayan la'asar mu buɗe gaban jama'a. In ya hito lahiya, na ƙara sayen wani."

Mai duwatsun ya ce wannan wasan yara ne, ba a yi wa dutse mai daraja haka. Tsohon nan ya ce to mene ne a ciki, tunda ba ya ɓaci? Aka ce haka ne, haka ne. Maza suna son kallo, ko ba su faɗa ba. Alhaji ya dube ni, na ga alamar ya fara tuna inda ya san fuskata, amma ya riga ya ce ya tsaya. Da hannunsa ya jefa dutsen, da hannunsa ya murɗa marfin.

Lokacin gada a rufe take, duk mai son Gaya sai ta ruwa. Washegari da sassafe mai duwatsun ya sauka bakin kogi da jakarsa zai tsallaka, wai an kira shi da gaggawa. Ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya ɗaga masa murya. Mijina ya gaishe shi da ladabi ya ce jirginsa yoyo yake yi. Na gaba ya ce nasa an riga an kama shi, buhunan albasa yake jira. Na gaba ya ce injinsa ya ƙi tashi tun jiya. Babban masu fiton kawun mijina ne, yana zaune a inuwa yana jan carbi, ya ce masa, "Yi haƙuri, malam, yau ruwan ba su da kyau." Jirage kuwa suna ta tashi da mutane a gabansa. Ya ninka kuɗi, ya sake ninkawa. Ya wuni a rana, farar shaddar nan ta koma kalar bakin kogi. Ni ina can sama ina sayar da lemu, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin ciniki irin na ranar ba. Da yamma na aika masa da kofi ɗaya kyauta. An ce bai sha ba.

Ranar buɗewa rumfar ba ta ɗauki mutane ba, har kan titi. Alhaji ya buɗe akwati, ya tsiyaye kwalbar a farin faranti. Dutsen ya gangaro ya tsaya, fari-fari, a tsattsage, ko yaro ba zai tsince shi a hanya ba. Sai na ga maza ɗaya bayan ɗaya suna sunkuyar da kai suna duban yatsunsu.

Na miƙe tsaye, ban durƙusa ba wannan karon. Na ce, "Alhaji, wa ya musanya wanga? Makulli ga aljihunka ya kwana." Ya dubi farantin. Na ce, "Ni ɗiyar maƙerin nan ta, wanda ka ce ma tashi ka tahi. Shina nan bayan 'yan albasa, shina liƙin buta."

Abin da ya biyo baya hayaniya ce, kuma ban tsaya kallonta duka ba. Kowa ya tuɓe zobe ya ajiye gaban Alhaji, shi ya tsaya, shi zai biya. Mai duwatsun ya bar jakarsa da agogonsa a nan, aka samo masa jirgi, wannan karon ba wanda ke yoyo. Bai sake taka Malanbil ba. Alhaji ya aiko mini da kuɗin tunkiyata, na mayar. Na ce a gaya masa dutsena na saya, a ba ni abina, kuma abin da nake bi ba a aiko shi, da ƙafa ake kawo shi.

Sai da ya ja kwanaki, sannan ya zo. Da rana tsaka, a ƙasa, ta cikin layin 'yan albasa, babbar riga tana jan ɓawo, mutane suna leƙe. Na so abin ya daɗe. Na so ya tsaya a rana ya faɗi abin da ya yi ɗaya bayan ɗaya, da bakinsa, kowa ya ji. Ya tsuguna bakin rumfa ya ce, "Maƙeri, na zo ne..." Baba ya ajiye butar da ke hannunsa ya ce, "Na yahe, Alhaji. Na yahe duniya da lahira. Shigo daga rana." Har da shimfiɗa masa buzunsa. Na juya baya don kada a ga fuskata. Shekarun nan duka, da tsohuwa da ma'auninta, ya sallame su kafin mutumin ya ƙarasa numfashi. Na yi kuka ranar, kuma kukan haushi ne.

Da kowa ya watse na ajiye masa dutsen a tafin hannu. Ya kai shi kusa da ido, don ganinsa ya riga ya ragu, ya bi tsagar da farce.

"Ba ki kai shi wuta ba?"

"Ko kusa, Baba. Lemu na, mai sanyi."

"Ba gishiri?"

"Babu."

Ya sake juya dutsen. Can ya ce, "Ashe ba hannuna ba na." Ya faɗa a hankali, ba da ni yake ba.

Washegari na tarar ya jawo tsohon rawanin daga ƙarƙashin gado. Na ce ya ɗaura mini dutsen nan a zobe. Ya ce wa ke sa mataccen dutse? Na ce ni. Ya daɗe a kansa fiye da yadda ya saba, yana laluben zanen da yatsa, wani wurin ya karkace. Da ya zo wankin ƙarshe ya matse lemu a kasko, ya tsaya da zoben a hantsaki. Na ce, "Sa shi, Baba, ba abin da ya rage da za ya ci." Ya saki.

Mata sun dawo, wasu da kunya, wasu kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Amma sun makara, ido ya tafi. Sai ya karɓi ƙunshinsu ya shafa ya mayar musu, ya kwatanta musu rumfar wani. Zoben nan shi ne aikin azurfarsa na ƙarshe, damina biyu bayan haka muka kai shi makwancinsa.

Zoben yana hannuna na dama, wanda nake miƙa kofi da shi. Duk baƙon da ya ce, "Hajiya, wane irin dutse ne wannan mummuna?" sai in ajiye bokiti in ba shi labari tun daga farko, har da kamannin mutumin da irin turarensa, ko zai gamu da shi a wata kasuwa. Alhaji ya tsufa yanzu, 'ya'yansa ke ciniki, amma yana zama a rumfar ranar Juma'a, ni kuma ban fasa zuwa ba. Nakan durƙusa in gaishe shi, in zuba masa mai sanyi, in miƙa da dutsen yana sama. Baba ya yafe, wannan tsakaninsu ne. Har yau Alhaji gefe yake kallo in zai karɓi kofin.